Yadda Muka Nemo wa Baban Yara Barci

Injin markaɗen maƙwabciyarmu ne ya fara tona mana asiri. Da hantsi ne, kwana huɗu da dawowar Baban yara hutu daga Tafkin Chadi. Yana zaune kan tabarma a ƙofar ɗaki da kofin shayi a hannu, sai yaron gidan ya ja igiyar injin. Jan farko bai tashi ba. Na biyu ya yi tari ya mutu. Kafin a ja na uku mutumin nan ya watsar da shayin, ya fizgo Auta ya danne ta ƙarƙashin ƙirjinsa, ya kifa ciki a ƙasa yana maimaita wata magana da Faransanci. Yarinya ta tsala ihu. Ni ina bakin murhu da ludayi a hannu, na kasa gaba na kasa baya. Da ya dawo hayyacinsa sai ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce santsi ne ya kwashe shi. Santsi, a Kusuri, a watan Maris, lokacin da ko ruwa ka zubar ƙasa ta shanye kafin ka juya.

Maigidana sojan ruwa ne. In na faɗi haka mutane sukan yi dariya, su ce me sojan ruwa yake yi a ƙarshen arewacin Kamaru, inda teku ta fi kilomita dubu da mu? Gaskiya ne barikokinsu na can kudu, Duwala da Limbe da Kiribi, can ma ya yi horo. Amma tun da yaƙin Boko Haram ya tsallako Kamaru a 2014 ake turo su Tafkin Chadi, wajajen Darak da Bulangwa da tsibiran da ke bayansu. Rundunar haɗin gwiwar ƙasashen tafkin ma hedikwatarta tana nan Njamena, gadar Ngeli ce kawai tsakaninmu, ɓangaren Kamaru kuma yana Mora. Shi haifaffen Garwa ne, a bakin Binuwai ya girma, ya iya tuƙa kwale-kwale kafin ya iya keke. Shi ya sa aka ba shi riƙon inji. Ni kuma na dawo Kusuri kusa da kawuna mai sayar da banda, don in an sallame shi kwana goma kada ya cinye rabinsu a mota.

Ya sha gaya mini cewa tafkin ba teku ba ne. A teku kana hango abin da ke zuwa. A tafki kuwa lunguna ne tsakanin ciyawa da ta fi mutum tsawo, da kainuwa da iska ke kaɗawa ta toshe hanyar da ka bi jiya. Wanda ya ɓoye a ciki yana jin ƙarar injinka tun daga nesa, kai ba ka ganinsa sai ya ga dama. Mu matan, rediyo ce abokiyarmu. Da aka kai hari Darak a watan Yunin 2019, da kuma na Bohoma a ɓangaren Chadi a Maris 2020 inda sojoji kusan 100 suka rasu a dare ɗaya, babu wadda ta ɗora tukunya a cikinmu sai da wayarta ta yi ƙara. Namu abin ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Ƙaramin al'amari ne da ko a labarai ba a faɗa ba. Ya dawo ba ko ƙwarzane a jikinsa, har sadakar waina na yi.

Sai dai mutumin da ya dawo ba ya barci. Zai jingina da bango yana fuskantar ƙofa, takalmi a ƙafa, har asuba. In barci ya sace shi na minti kaɗan, sai ya farka zumbur da gumi sharkaf. Kifi, wanda a da in babu shi ba ya cin tuwo, ya ce kada ya ƙara jin ƙarninsa a gidan. Ya daina bi ta bakin Logon ko da kuwa hanyar ta fi kusa. Yara in suka yi ƙiriniya kaɗan sai tsawa, mutumin da a da shi ke goya su yana zagaya tsakar gida. Na tambaye shi sau ɗaya, sau biyu. Ya ce, "Ke dai ki yi mini addu'a." Hutu ya ƙare, ya ɗauki jakarsa ya koma tafki a haka, ni kuma na bar shi ya tafi. Wannan har yau yana ci mini rai.

Dawowa ta biyu, bayan wata uku, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na kira Inna, mahaifiyarsa, ta taso daga Garwa. Kallo ɗaya ta yi masa ta ce gamo ne. Mutum ya kwana a kan ruwa wata da watanni, ya ratsa gidajen mutanen ɓoye da ƙarar inji, me ake jira? Ban musa mata ba, don ni ma abin da zuciyata ta fi karkata a kai ke nan. Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi, aka kai shi wajen wani malami mai ruƙiyya a bayan kasuwa. In za a faɗi gaskiya, karatun yana kwantar masa da hankali, yakan fito fuskarsa a sake. Dare na yi abin ya dawo.

A lokacin ne na tsinci ƙwayoyi a aljihun wandonsa ina shirin wanki. Kala biyu. Na nuna wa wani ɗan ƙanen kawuna da ke aiki a kantin magani, ya ce ɗaya tiramol ce, ɗayar diyazefam. Wato da rana yana shan wadda za ta tsayar da shi a kan ƙafafunsa, da dare wadda za ta kayar da shi. Tiramol kuwa a arewacin nan ba sai an sha wahalar nema ba, 'yan kilando, wato 'yan acaɓa, da 'yan dako sun san inda take. Ban yi masa magana ba. Na mayar da su inda na same su, na shiga banɗaki na yi kukana.

Mutum biyu ne suka buɗe mana hanya, kuma ba su san juna ba. Na farko malamin nan ne. A zama na biyar ya sallami almajiransa, ya ce da Inna, "Hajiya, na yi abin da na sani, kuma zan ci gaba. Amma yaron nan babu aljani a jikinsa. Abin da idonsa ya gani ne yake cin sa. Manzon Allah ya ce mu nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ku kai shi asibiti, ni ina nan ina addu'a." Inna ba ta ji daɗi ba, amma ba ta iya ja da malami.

Na biyu abokin aikinsa ne, Kirista daga kudu, wanda suke jirgi ɗaya. Ya kira ni da dare da gurguwar Hausarsa: "Madam, mijinki ba lafiya. Shi ba zai faɗa ba. Ki je ki ga majo." Majo shi ne babban ma'aikacin jinya na ɗakin shan maganin sojoji.

A nan aka shiga sha'anin takarda, wanda ya fi duk abin da ya gabata cin lokaci.

Da na je, wanda ke bakin ƙofa ya tambaye ni ko ni wace ce. Na ce matarsa. Ya ce ina takardar aure? Shekara tara da ɗaura mana aure a Garwa gaban liman da shaidu, da sadaki da goro, ga 'ya'ya uku, amma a idon ofis a ƙasar nan aure sai da takardar ofishin magajin gari. Babu sunana a fayil ɗinsa. Na koma gida kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi. Sai da na kira Yaya, wansa, ya bar shagonsa ya zo, shi aka saurara don sunan ubansu ɗaya. Daga baya mun je mun yi auren na ofis, shi ma sai da aka liƙa sanarwa wata guda kafin a ɗaura. Ranar, da jami'in ya tambaye shi mace ɗaya ya zaɓa ko fiye, sai ya saci kallona ya yi ɗan murmushi, murmushin farko da na gani a fuskarsa cikin watanni. Abin da ya zaɓa kuwa, wannan tsakaninmu ne.

Shigarsa ta farko wajen majo, shi kaɗai ya shiga. Ya fito da takarda: zazzaɓin sauro da gajiya, ƙwayoyin ƙarin jini, hutun kwana takwas. Ban ga laifin wanda ya rubuta ba sosai, don abin da aka gaya masa ke nan, ciwon kai da kasala. Amma da an ƙara tambaya ɗaya, "Kana barci?", da an rage mana wata guda.

Daren nan na tsare shi. Na ce, "Baban yara, me kake tsoro?" Ya daɗe bai ce komai ba. Da ya buɗe baki, ashe ba ciwon yake tsoro ba kamar yadda yake tsoron biro. In aka rubuta a fayil ɗinsa cewa ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, za a karɓe bindigarsa, za a cire shi daga jirgi, firim, wato alawus ɗin da ake ƙara musu a bakin daga, zai tsaya, ƙarin girma kuwa sai dai ya ji a salansa. Ga kuma baki. A Kamaru in ana so a ce wa mutum mahaukaci, cewa ake a kai shi Jamot, sunan asibitin nan na Yawunde da ya yi fice da kula da masu taɓin hankali. "Ki duba," ya ce, "soja, Bahaushe, ɗan Garwa, a ce ya haukace don ya ji ƙarar bindiga. Wa zai auri 'ya'yana?" Ba ni da amsar da zan ba shi. Abin da na ce kawai shi ne, na ga ƙwayoyin, kuma Auta ta fara ɓuya bayan ƙyaure in ta ji sallamarsa. Na biyun ne ya karya shi.

Karo na biyu tare muka shiga, ni da shi da Yaya. Na zayyana komai: injin markaɗe, bangon, takalmin, kifin, ƙwayoyin. Majo ya ajiye biro ya dube shi, ya ce da Faransanci, Yaya yana fassara mini, "Ba kai ne na farko da ya zauna a kujerar nan ba." Ya rubuta takardar tura mu Marwa. Amma takardar majo kaɗai ba ta tafiya da soja ko'ina. Sai likita ya sa hannu, sai shugabansa ya ba da izinin tafiya, sai an buga takardar hanya da hatimi. Wanda zai sa hannu ya yi tafiya. Da ya dawo, fayil ɗin ya shige ƙarƙashin wasu a wani ofishi, aka ce ba a gan shi ba. Mako uku muna zarya. Yaya ya koya mini darasin da na riƙe: kowace takarda ta shigo hannunki, ki yi mata fotokofi uku kafin ki miƙa ta. Na sayi wata jakar roba shuɗiya mai maɓalli don wannan aikin.

Daga Kusuri zuwa Marwa kilomita 260 ne ko kusa da haka, ta Dabanga da Waza da Mora. A taswira ba nisa. A mota kuwa mun tashi bayan asuba, ba mu sauka ba sai bayan la'asar, saboda ramuka da shingayen bincike. Shi ya nace sai ya zauna a bakin ƙofa, duk tafiyar idonsa na kan dajin Waza.

Wanda ya gan mu a Marwa ba likita ba ne, ma'aikacin jinya ne da ya yi karatu na musamman kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Bafulatani ne mai sanyin murya, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ɗakinsa ɗan ƙarami, tebur ɗaya, kujera uku, da fanka mai ƙara. Awa guda da rabi ya yi da mu. Bai tambayi abin da ya faru a tafki ba ko sau ɗaya. Abin da ke faruwa yanzu ya bi: mafarkin iri ɗaya ne kullum? Yana jin kamar abin na sake faruwa ido biyu? Waɗanne wurare ya daina zuwa? Tun yaushe? Sannan ya bayyana mana cewa duk wanda ya tsallake rijiya da baya yakan yi kwanaki a firgice, wannan ba ciwo ba ne. Amma in aka wuce wata guda abin bai lafa ba, har ya hana mutum barci da zaman iyali, to ya zama ciwo mai suna, wanda firgici ke bari a baya, kuma ana maganinsa. Ya ce jikin ne ya ƙi yarda an bar tafkin, shi ya sa yake tsaye a bakin aiki dare da rana.

Sai ya ce in ɗan ba su wuri. Daga baya Baban yara da kansa ya gaya mini tambayar da aka yi masa: ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Da na ji haka raina ya ɓaci, na ce wannan ai sa wa mutum tunani ne. Ashe ba haka ba ne, masana sun ce tambayar ba ta jefa kowa ciki, sauƙi ma take kawowa. Kuma amsar da ya bayar ita ce eh. Dare biyu a tafki ya zauna da bindiga a cinya yana wannan tunanin. Ni ina Kusuri ina yi masa dambun nama.

Saboda wannan amsar, da kuma cewa soja ne wanda sai likita ya yanke ko zai koma bakin daga, ma'aikacin jinyar ya ce sai mun ga likitan ƙwaƙwalwa. Su kuwa kaɗan ne a ƙasar, kuma galibinsu suna Yawunde da Duwala. Ya ja mana kunne a kan ƙwayoyin: kada a yanke su rana ɗaya, musamman diyazefam, don yankewa farat ɗaya na iya jawo jijjiga. Ya tsara yadda za a riƙa ragewa, ya damƙa mini su a hannuna, ni ke ba shi. Ya ƙara da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2013 ta ja kunne a kan ba wa waɗanda suka shiga firgici irin su diyazefam. Hukumar tana da wani shiri da ta fara a 2008 na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane irin waɗannan cututtuka, don kada kowa ya dogara da babban birni. Na ce a raina, da shirin ya iso ɗakin da muka fara shiga, da ban san hanyar Yawunde ba.

Muka ajiye yara wajen Inna a Garwa, muka hau mota zuwa Ngaundere, daga nan jirgin ƙasa na Camrail da ke tashi da yamma ya kwana yana tafiya. Ban taɓa wuce Ngaundere ba a rayuwata. Kuɗin tafiyar nan, awarwarona biyu da ɗan kunnen aurena ne suka tafi, Yaya ya cika.

A cikin jirgin nan ne, wajen tsakar dare, mutane sun yi barci, ya gaya mini. Ban tambaye shi ba. Yana kallon taga, ba abin da ake gani sai duhu, ya fara magana kamar da gilashin yake yi. Sun fito sintiri da yamma, su takwas. A wani lungu farfelar injin ta naɗe tsohuwar koma da masunta suka bari, injin ya mutu. Ya sunkuya yana yankewa da wuƙa, sai harbi ya tashi daga cikin ciyawa. Ya ja igiya, bai tashi ba. Ya sake ja, ya yi tari ya mutu. A ja na uku ya tashi. Tsakanin na farko da na uku aka harbi mutum biyu. Ɗaya yaro ne sabon shiga, wanda kullum yake binsa yana cewa, "Shef, ka koya mini inji." Ya kwanta a kan ƙafafunsa har suka iso sansani, cikin ruwan da ke ƙasan jirgin da ƙarnin kifin da suka saya da rana. "Da na duba farfelar kafin mu shiga lungun," ya ce. "Da na ja da ƙarfi tun farko." Wata bakwai yana jan igiyar nan a kansa. Ban ce masa ƙaddara ce ba, don Inna da malam da kowa sun faɗa masa, ya kuma sani. Na riƙe hannunsa kawai har muka ji ana tallar ayaba a wata tasha.

A Yawunde mun sauka a Birketeri, unguwar Hausawa, gidan wata 'yar ƙanwar Inna. In ka rufe ido ka ji ƙamshin tsire da kiran salla sai ka rantse Garwa kake, sai dai ruwan sama da jar ƙasa. Ba Jamot aka tura mu ba, wani asibiti ne daban, amma mun wuce ta gabansa a tasi, sai na ga gini ne kamar kowane, har da masu ciwon huhu ake kai wa can. Mai gidan da muka sauka ya ce sunan wani likitan Faransa ne, Eugène Jamot, wanda ya yaƙi ciwon barci a Kamaru a shekarun 1920. Baban yara ya ce, "To, shi ya yaƙi barci, ni kuma nema nake." Muka yi dariya har direba ya waigo.

Likitar mace ce, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, ni kuma Faransancina na kasuwa ne. Abin da ya fara tambayarta, tun kafin ya zauna sosai, shi ne me za ta rubuta. Sai ta juyo da takardar ta nuna masa. Ta ce labarin da zai ba ta nata ne da shi, ba ya fita daga ɗakin. Abin da zai je wa shugabanninsa layi biyu ne: a ɗauke shi daga bakin daga na wata uku, a sake dubawa. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Da wani ya gaya masa haka tun a Kusuri, da bai ɓata rabin shekara yana ɓoyo ba.

Ta ɗora shi kan wata ƙwaya, sertraline, guda ɗaya kullum da safe. Ta ce kada mu sa ran komai a makon farko sai tashin zuciya da ɗan jiri, amfaninta sai bayan makonni, kuma in ya ji sauƙi kada ya ajiye, sai ya yi watanni a kai. Amma ta ce ƙwayar rabin aiki ce. Sauran zama ne da wani masanin halayyar ɗan Adam, inda zai riƙa ba da labarin daren nan daki-daki, daga farko har ƙarshe, yau da gobe, har ya zama abin da ya wuce. Zaman farko ya fito kamar an yi masa duka, ya ce ba zai koma ba. Ya koma. A zama na uku, mutumin ya sa shi ya ƙirga da agogo tsawon lokacin da ja uku ke ɗauka, sannan ya tambaye shi mutum nawa suka sauka daga jirgin da ransu. Ya ce shida. "Wa ya fito da su?" Ya dawo gida bai ce uffan ba, ya kwanta bayan isha'i, bai farka ba sai da aka yi kiran assalatu. Ni ce ban yi barci ba a daren, ina zaune ina kallon takalminsa a bakin ƙofa.

An so ya yi zama goma ko sha biyu. Huɗu muka samu, guzuri ya ƙare, takardar hanya ma ta ƙare. Sauran ta WhatsApp aka yi daga Kusuri, kuma duk wanda ya zauna a bakin iyaka ya san halin waya a nan: kana tsakiyar magana sai layin Chadi ya fizge ka, kuɗinka ya tafi. Yakan shiga ɗaki ya kulle, ni in kwashe yara zuwa gidan kawu. Maganin ma ya ba mu wuya. A wata na biyu muka zagaye kantunan garin babu, muka haye Njamena babu irinsa a ranar, sai da aka saya a Yawunde aka ba motar ajans, wato motar kamfanin sufuri, ta kawo. Kwana tara ya yi babu, jiri ya dawo, mafarkin ya dawo, ya ce da ni, "Kin gani ko? Ba ya warkewa." Tun daga nan ba na bari ya rage ƙasa da na mako uku ban aika an sayo ba.

In da za a tambaye ni, ni da ban yi boko mai nisa ba, abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin yana nan, masu yin sa suna nan, kuma sun iya aikinsu, amma an ajiye su a ƙarshen hanyar kwana uku daga inda ake jin ciwon. Wanda harsashi ya sama, nan take ake ɗauke shi, kowa ya san abin yi. Wanda ya dawo da irin na Baban yara sai ya nemi hanya da kansa, alhali ciwon ne ma yake hana shi nema. Ma'aikacin jinya ɗaya irin na Marwa, a zaunar da shi kusa da tafki, ya riƙa ganin duk wanda ya sauko daga jirgi, kowa da kowa don kada a nuna wani da yatsa, da ya rage wahala mai yawa. Kuma a riƙa sauraron matan. Mu ne muke ganin takalmin a ƙafa da ƙarfe ukun dare.

Da wata ukun suka cika aka ƙara masa uku. Yanzu yana gareji a tudu, yana gyaran injinan jiragen da ake kawowa. Firim ya tsaya kamar yadda ya ji tsoro, mun rage cefane, babbar 'yarmu ta koma makarantar gwamnati. Wasu abokan aikinsa sun ɗan ja baya da shi, wasu kuma sukan zo da dare su zauna a zaure su yi ta kewaye-kewaye kafin su tambaye shi sunan ƙwayar. Kifi ya dawo gidan, amma busasshe tukuna. Inna har gobe cewa take rubutun ne ya yi aiki, asibiti ya zo ya tarar, ba wanda ya yi mata gardama. Malam kuwa duk Juma'a sai ya aiko a tambayi jiki.

Aikin gida na ƙarshe da masanin ya ba shi, injin markaɗen nan ne. Da farko ya zauna a ɗakinmu ana ja yana ƙirga numfashi. Bayan mako ya matsa bakin katanga. Ranar da ya shiga gidan da kansa, na leƙa ta saman zana. Ya tsuguna ya duba injin, ya ce wa yaron fulogin ne ya yi datti, ya cire ya goge da gefen rigarsa ya mayar. Ya kama igiyar, hannunsa na rawa ina gani. Bai tashi a jan farko ba.

Shekaranjiya wata yarinya ta yi sallama bayan magariba, da goyo a bayanta, matar wani daga cikin waɗanda ke tafki. Ta zauna a bakin tabarma tana murza gefen mayafi, ta ce an ce mata in ta zo wajena zan gane. Na ce, "Ƙanwata, yana barci?" Ta girgiza kai. Na ce, "Kuna da takardar aure ta ofis?" Ta sake girgizawa. Na ɗauko jakar roba shuɗiya na zazzage takardunmu a cikin akwati, na miƙa mata. Gobe da safe zan raka ta ofishin magajin gari, in mun fito mu biya wajen majo.